Agogon da Ba a Zo Karɓa Ba

Shekara arba'in da tara ke nan
da jirgin ƙasa ya tofo ni a tashar Iddo,
da akwatin kwano da sule goma a lalita.
Na ce wa inna damina biyu kacal,
in tara kuɗin keke in komo Tsafe.
Keken bai samu ba. Inna ba ta jira ba.
Ga ni nan dai a gindin gadar Obalende,
tebur guda, gilashi guda manne a ido,
ina tonon hanjin agogon mutane.

Nomau aka raɗa mini, don ana tsakar noma na faɗo,
amma tafin nan ya manta ƙotar fartanya.
Kwandastan danfo ya ce Aboki, na waiga.
Iya Risikatu mai amala ta ce Baba Alago,
na amsa, har da miƙa kwano.
Na je Tsafe ta'aziyya, yara suka ce ga Ɗan Ikko,
wai Hausata ta sha ruwan gishiri.
A motar dawowa na yi ta laluben bakina
ko zan ji inda gishirin ya maƙale.

Da can ma'aikata layi suke yi a gabana,
kowa na tsoron makara.
Yanzu lokaci ya yi ƙaura zuwa cikin waya,
saurayi ya dubi teburina
kamar ya ga raƙumi na hawan gada.
Hannu ma ya soma yi mini gardama:
ɗan sukurun da nake cafka da numfashi guda
yau sai na bi shi ƙasa da tocila,
gwiwa na ƙara, ina ba ta haƙuri.

Jikata Kubura da Yarabanci take mafarki,
da Turanci take ƙirga canji,
Hausa ta ajiye don gaishe ni da safe
kamar tufar salla.
Na so in yi fushi.
Sai na ji kaina ina ciniki a Oyingbo
da harshen da ban sha a nono ba,
har ina cin riba.

'Ya'ya sun ce, Baba, ka koma gida ka huta.
Wane gidan?
Zauren ya zube tun ambaliyar bara waccan,
waɗanda suka san ni da gajeren wando
duk sun riga ni kwanciya.
Asabe kuwa tana Agege, ƙarƙashin jar ƙasa,
ruwan Yuni na sauka a kanta shekara shida.
Wa zai riƙa cire mata ciyawa?

Akwai wani agogo a aljihun tebur.
Wani Oga Fashina ya kawo shi ran wata Laraba,
gashina baƙi wuluk a lokacin,
ya ce gobe zai dawo.
Na gyara, na goge, na naɗe a ƙyalle.
Kullum bayan asuba nakan ba shi wani,
in kara shi a kunnen da ya rage mini.
Yana makara da minti biyu,
ni ma haka.
An taya shi sau uku, na ce ba nawa ba ne.

Magariba ta yi, iskar teku ta biyo ƙarƙashin gada
da ƙamshin gasasshen kifi da hayaƙin mota.
Na ninke tebur, na ɗaure da roba.
Ban san ko Batsafe ne ke tafiya masallaci
ko tsohon Legas mai ɗingishi ba,
alwalar dai guda ce.

Aro ne, ni da agogon nan.
Ranar da mai shi ya zo karɓa,
ina so ya tarar yana tafiya.